Farin Ƙyallen Baffa a Bakin Salansa

Ranar da muka kai Baffa makwancinsa, magana ɗaya aka yi ta juyawa a zaure, kowa da irin lafazinsa: hayaƙi ne ya cinye masa ƙirji. Direbobin manyan motoci da suka zo daga kasuwar Katako su suka fi kowa yawa, su suka fi kowa maimaita ta. Wani ya ce, "Wallahi mutumin kirki ne, sai dai taurin kai. In ya saita maka mota, wajen tashi sai ka ce tsohuwa mai ciwon gwiwa." Na kusa da shi ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Ni sau biyu yana kora ta daga garejinsa, kuma duka biyun ni ne da laifi." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, aka shafa fatiha. Da suka tashi tafiya, motoci huɗu suka tayar lokaci guda a bakin layinmu na Kwararafa, a nan Jos. Masu zaman makoki suka rufe hanci da bakin riga, wani dattijo ya kama tari har sai da aka miƙo masa ruwa. Ban ga alamar ko ɗaya daga cikin direbobin ya lura ba.

Mutum ɗaya ne bai shiga zaure ba duk yinin: Baba na Vom, abokin aikin Baffa tun suna samari, Kirista ne, ya daɗe da barin sana'a ya koma gona. Yana zaune a benci a waje, hularsa a kan gwiwa. Sai da hayaƙin ya washe ya dube ni ya ce, da Hausarsa ta 'yan gari, "Ka gani ko? Sun zo gaisuwa, sun kawo abin da ya kashe mutum. Na wa o, abin mamaki."

Baffa ƙanin mahaifina ne, a hannunsa na tashi. Ina rubuta wannan don kada abin da zai rage a bakin mutane ya zama taurin kai kawai. Kuma akwai wani aiki da ya bari wanda har yau bai kai inda ya nufa da shi ba.

Sana'arsa abu ɗaya ce. Ba ya gyaran birki, ba ya taɓa giyar mota. Aikinsa injekta, wato famfon da ke auna wa injin gas yana raba masa. Karatun da yake yi wa duk wanda ya kawo masa mota bai wuce jimla biyu ba: gas ba ya cin wuta sai ya sami iska daidai da shi, duk abin da ka ga ya fito baƙi ta salansa kuwa gas ne da aka zuba bai sami iska ba. Sai ya ƙara da cewa, "Iskar Jos ba ta da kauri. A kan dutse muke. Motar da aka buɗe wa mai a can ƙasa inda kuke lodin katako, in ta hawo nan shaƙewa take yi." Direbobin kan gyaɗa kai, su ce haka ne Oga, sa'an nan su fita su ci gaba da abin da suka yi imani da shi tun suna bin mota, cewa wadda ta fi aman baƙin hayaƙi ita ta fi ƙarfi.

Ba ya yarda da kunnensa shi kaɗai, ba ya kuma yarda da gwaji mota tana tsaye. Yakan ce mota a tsaye ba ta faɗin gaskiya. Sai an zo da ita da lodinta, an kai ta gindin ɗan hawan da ke bayan gareji, direba ya tashe ta a ƙaramar giya. Shi kuma Baffa ya bi ta a ƙafa, farin ƙyalle a miƙe tsakanin hannayensa biyu, tazarar taƙi ɗaya daga bakin salansa, yana ƙirga ɗaya zuwa biyar. Ƙyallayen ragowar yadi ne da telolin layinmu ke tara masa, matarsa Inna ta yayyanka su kamar faɗin tafin hannu biyu. Yakan rataye na kafin gyara da na bayan gyara a waya, kusa da juna, ya kira mai mota ya ce, "Karanta." Haka ya yi ta bin salansa a ƙafa tun kafin a haife ni. Sau nawa muka ce ya ɗaura ƙyallen a sanda, ya ja da baya? Ya ce da sanda ba ya jin zafin hayaƙin a hannu, zafin kuma yana gaya masa wani abu. A nan kam taurin kan gaskiya ne, kuma shi ya biya.

In ya gama saiti, sai ya ciro 'yar kwalbar jan farce daga aljihu, ya ɗiga a kan notin da ke buɗe mai da kuma murfin injekta. Da kansa yake zuwa kasuwa saye. Matan da ke sayarwa su ce, "Baba, amarya za a kawo ne?" Ya ce, "Amaryar ƙafa goma gare ta, ki ba ni wanda ba ya goguwa." Motar da ta dawo masa jan ya fashe, ko ta wane ne, ba zai sake ɗora mata hannu ba. Korar da aka yi ta ambata a zaure ke nan.

Amma wannan mutumin ne ya ga bangon rumfar wata mai injin niƙa a bakin layi ya yi baƙi ƙirin, ita da 'ya'yanta suna wuni a ciki, ya je da kansa ranar Juma'a da safe ya kwance nozul ɗin injin, wato bakin da ke fesa gas, ya gyara, ya mayar, ya tafi masallaci bai jira godiya ba. Kuma a shekarun da gari ya rikice, aka daina tsallaka unguwannin juna, shi da Baba na Vom sukan haɗu a bakin babban titi, wannan ya miƙa wa wancan injekta a cikin buhu, su tambayi lafiyar iyali, kowa ya koma gefensa.

Rigimar da ta fi ci masa rai a cikin gidansa take. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, yana da motarsa ta ɗaukar katako daga kudu. Ya ga tana nauyi a hanya, sai ya sa aka yi mata dashe a wani gareji can ƙasa: aka cire tobonta, na'urar da ke cusa wa injin iska, aka sa babba na tirela, aka sa nozul masu faɗin baki, aka buɗe mai. A kan miƙaƙƙiyar hanya ta zama wata aba daban, wannan ba musu. Sai dai babban tobo ba ya farkawa sai injin ya ɗau gudu. Kafin nan gas na kwarara, iska ba ta iso ba. Duk tashi daga tsaye, duk tafiyar cikin gari, duk ɗan hawa a ƙaramar giya, baƙin hayaƙi ne kamar an cinna wa taya wuta.

A ƙofar gida Yaya ke kwanar da ita da lodinta, saboda ɓarayin batir da na gas, sa'an nan da safe ya kai kayan Katako. Layinmu matsattse ne, kuma hawa ne. Salansar tana ƙasa ta gefen da ke fuskantar tagar ɗakin Baffa da Inna. Kowace safiya bayan an fito daga masallaci Yaya zai tayar, ya yi ta taka totur yana saki don iskar birki ta taru da wuri, sa'an nan ya ja hawan.

Baffa ya saita ta, ya ɗiga jan farce. Tafiya ɗaya ta dawo jan a fashe. Ya karya dokarsa saboda ɗa, ya sake saitawa. Ta sake dawowa a fashe. Ina nan ranar da suka yi ta a ƙofar gida.

"Baba, ba raini ba ne," in ji Yaya. "Kai ba ka shiga dajin da muke lodi. In ta nutse a taɓo, ina son in taka ta amsa nan take. Da saitinka sai na taka na jira, kamar mai roƙon alfarma. A tasha har suna suka sa mata, wai motar liman."

"Numfashi biyu za ka jira," in ji Baffa. "Ban rage mata ƙarfin sama ba ko kaɗan. Na hana ta shan abin da ba za ta iya haɗiyewa ba ne. Ka sauko da giya, ka bar injin ya ɗaga murya, tobon zai zo."

"To bari in sa a juya salansar sama, ta daina kallon tagarku."

"Ka ɗauke daga hancin uwarka ka kai wa masu bene? Su ba 'ya'yan mutane ba ne?"

"Duk motocin Katako haka suke, Baba."

"Duk motocin Katako ba a ƙofata suke kwana ba. Kuma ba ni na haifi direbobinsu ba."

Daga ranar bai sake kallon motar ba. Fiye da shekara suna gaisawa, suna cin abinci a zaure ɗaya, ba wanda ya ƙara ambaton ta. Shi yana tari a ɗaki, ita tana amai a waje. Na yi wa Yaya magana, ni da nake aiki a gidan rediyo, ya ce ɗan rediyo me ya sani game da taɓo. Na yi wa Baffa magana ya sassauta, ya ce wanda ya fasa jan shi zai zo ya nema. Kowannensu yana jiran ɗaya ya fara, Inna kuwa ta soma nata tarin a tsakaninsu.

Da ciwon ya kwantar da shi, aka dawo da shi daga asibiti da maganar da likitoci ke yi a hankali in ba sauran abin yi, sai ya aika a kira masa Baba na Vom. Ya ce a gaya masa ya zo da sifanarsa. Sa'an nan ya sa aka kira Yaya. Na zaci wasiyya ce.

"Gobe kada ka kai lodin nan Katako sai hantsi," in ji shi. "Zan saita ta."

Yaya ya ce, "Baba, ka bari ka warke."

"Ni na gama shaƙar rabona. Ba don ni ba ne." Ya nuna Inna da haɓa, tana zaune bakin gado. "Wannan za ta yi wata huɗu da kwana goma a ɗakin nan ba fita. Ni ko ba komai ina da garejin da nake gudu. Ita ina za ta gudu?"

Inna ta ce, "Haba Malam, wace irin magana ce wannan." Ya ce, "Maganar da ba wanda zai yi in ban yi ba."

Washegari aka fito da shi a kujera, an lulluɓe shi da bargo saboda sanyin garin nan. Hannunsa ba ya iya riƙe ƙarfe, sai Baba na Vom ya zama hannunsa. Tsofaffin biyu suka yi ta faɗa kamar ba ciwo.

"Fara da filtar iska," in ji Baffa.

"Oga, na sani. Ni na koya maka."

"Kai ka koya mini? Lokacin da kake ɗaura nozul a juye?"

"Sau ɗaya! Abeg, mutum zai mutu bai manta abu sau ɗaya ba?"

Filtar ta toshe, aka canza. Baffa ya sa aka bi tiyon da ke kai iska daga tobo zuwa injin da ruwan sabulu, aka sami tsaga a ƙasansa inda ido ba ya kai, iskar da ake kuka da ƙarancinta ashe rabi a waje take ƙarewa. Sa'an nan aka zo kan ɗan murfin da ke saman injekta. A cikinsa akwai roba da sifirin, aikinsu su riƙe gas sai iskar tobo ta iso ta tura su. Wanda ya yi dashen ya sassauta sifirin ɗin gaba ɗaya, ya zama ƙofa ba mai gadi. Baba na Vom ya ɗaga ya nuna wa Yaya. "Dubi aikin mutanenka. Motan nan yana shan gas kamar an yi masa baƙin ciki."

Baffa ya miƙo hannu a ba shi ƙyalle. Na ce a'a, yau ni zan riƙe. Ya dube ni ya ce, "Taƙi ɗaya daga bakin. Kada ka kau da kai, ɗan rediyo, ba labarai kake karantawa ba." Yaya ya ja hawan, na bi a ƙafa ina ƙirgawa. Ƙyallen farko ya fito baƙi. Aka dawo da ita baya. Baffa ya ce wa Baba na Vom, "Ƙara wa sifirin rabin juyi. Notin sama, mayar da shi baya kaɗan." Na biyu ya fito toka-toka. Yaya ya leƙo ta taga ya ce ta fara nauyi. Baffa ya ce, "Ka jira numfashi biyun." Aka ƙara kwata. A karo na uku motar ta yi ɗan jim, sai tobon ya yi fito, ta haye layin da katakonta ba ko gargada. Ƙyallen da na kawo masa da ƙyar za ka ce an yi amfani da shi. Ya juya shi gaba da baya, ya sa hanci ya sansana. Ya ciro kwalbar daga aljihu, muka ɗaga shi mu biyu, ya ɗiga jan da hannunsa, har ya zuba a gefe.

Ya ce wa Yaya, "Wata huɗu da kwana goma. Bayan nan motarka ce."

Yaya yana hawaye ya ce, "Wallahi Baba ba zan taɓa jan nan ba."

Kwana tara bayan nan Baffa ya cika.

Ina so in yi wa Yaya adalci, don ya yi kuka fiye da kowa, kuma bai karya rantsuwarsa ba. Bayan sadakar bakwai ya koma hanya. Da ya dawo, na zo gaida Inna da sassafe, na tarar da layin ya turnuƙe kamar dā. Na jira ya taru da iskar birkinsa, na ɗauko ƙyalle ɗaya daga jakar Baffa, na bi shi a ƙafa na ƙirga biyar. Baƙi ƙirin, har da maiƙo. Ya gan ni ta madubi ya tsaya.

Na ce, "Ka fasa jan."

Ya ce, "Ban fasa ba. Zo ka gani."

Ya shige gaba har ɗakin Inna. A saman kwaba, a naɗe cikin sabon tawul, ga injektar. Ya buɗe a hankali kamar mai buɗe jariri. Jan yana nan, har da inda ya zuba a gefe. Ashe da ya isa can ƙasa, aka soma yi masa ba'a a wurin lodi, damina kuma ta kama, sai ya sa aka kwance injektar ɗungurungum aka ɗaura masa wata ta gwanjo, a buɗe har ƙarshe.

"Aikin hannunsa na ƙarshe ne," in ji shi. "In na bar shi a mota, wata rana wani bakanike zai taɓa ban sani ba. Gara ya zauna a nan, wurin Inna, ba abin da zai same shi."

Da fasa jan ya yi, da na san abin da zan faɗa. Amma mutumin da ke gabana ya yarda har zuciyarsa cewa girmama mahaifinsa ya yi. Inna ce ta miƙo hannu na ba ta ƙyallen. Ta duba, ta ajiye shi a kan tawul ɗin.

Ta ce, "Babana," don Yaya sunan mahaifinta gare shi, "ubanku bai fito cikin sanyi yana numfashi da ƙyar don a yi wa kwabata ado ba. Ɗauke ta daga nan. Ba da ƙarfe nake takaba ba."

"Inna, da na dawo daga wannan tafiyar zan mayar. Damina ce kawai."

"Damina za ta riga takabata ƙarewa?"

Ya ɗauki injektar ya kai zaure, ya ajiye a lungun da Baffa ke ajiye takalmansa.

Na roƙi Inna ta koma gidana ta ƙarasa kwanakin. Ta ce a ɗakin miji ake takaba, ba za ta fara sabon abu da tsufanta ba. Na ce to ta riƙa fita tsakar gida in an tayar da motar. Ta ce hayaƙin ya san hanyar tsakar gida shi ma. Baba na Vom ya zo sau biyu da sifanarsa a leda, tun daga Vom, a ranakun da Yaya ya ce zai tsaya. Na farko aka ce lodi ya taso da gaggawa. Na biyu ya zauna a benci daga hantsi har la'asar, ya sha shayi, ya miƙe ya ce, "Ka gaya masa aikin awa biyu ne. Ni ma ba yaro ba ne, ba kullum zan iya hawa mota ba." Ban da shi kuwa ban san wani a garin nan da zai ɗaura ta yadda Baffa ya bar ta ba.

Jiya aka yi addu'ar arba'in. Direbobin Katako sun sake zuwa, sun sake yabonsa, sun sake tayar da motocinsu a bakin layi. Na yi masa addu'a tare da su, kuma ina yi a nan: Allah Ya yalwata masa kabarinsa, Ya ba shi iska mai daɗi wadda bai samu a duniya ba, Ya yafe masa taurin kansa, Ya shiryi wanda ya gaje shi.

Da jama'a suka watse na shiga wurin Inna. Na ga ta toshe tsagar tagar da fararen ƙyallayen da suka rage a jakar Baffa, waɗanda ta yanka da hannunta bai kai ga amfani da su ba. Duk safiyar da motar ta kwana a gida sai ta cire wanda ya yi baƙi ta sa sabo. Waɗanda ta cire ba ta yarwa. Tana jera su a kan wayar shanya, daidai inda Yaya ke wucewa in zai fita, kusa da na ukun nan da Baffa ya sansana. Har yanzu bai tsaya ya karanta ba.

Na buɗe jakar na duba. Saura ƙyalle goma sha tara. Ita kuma saura mata kwana casa'in.